Yadda Na Narkar da Jeren Kaka

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Ummi ba, kuma ko na so in manta 'yan gidanmu ba za su bari ba. Shekara uku ke nan, amma har yau in aka taru wajen suna ko biki aka ce a ɗauki hoto, sai wata ta waiwayo ta ce, "A ba Malama, ita ce ta iya goge gida." A kwashe da dariya, ni ma in taya su, don na gaji da ɓata rai. Na ma gaji da ba da labarin da baki, shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ni malamar firamare ce, haifaffiyar unguwar Madabo a cikin gari. Hoto kuwa da girmana sha'awarsa ta shige ni. Da waya na fara, kuma ba laifi, ana yabawa. Abu ɗaya ne ya hana ni sakat, wato abin da ke fitowa a bayan mutum. A cikin gari duk inda ka tsayar da mutum sai wani abu ya leƙo ta bayansa: shanyar da ba a kwashe ba, buta, akuyar maƙwabta, katangar da damina ta ci gindinta. Amarya ta sha lalle ta sha gwal, ka ɗauke ta, sai ga tsintsiya a jingine daidai kunnenta. Ni kuma ina ganin hotunan masu situdiyo na sabbin unguwanni, fuska tar, baya kuwa ya narke ya zama launi kawai. (In faɗi gaskiya ba tsintsiyar ce kaɗai ke damuna ba. Kunyar lungunmu nake ji. So nake hotunana su yi kamar ba a nan aka ɗauke su ba.)

Da abin ya ishe ni sai na sayar da keken ɗinkina, na nufi shagon Malam Sabi'u a wajen Ƙofar Nassarawa. Tsohon mai hoto ne, shi ya ɗauke ni hoton fasfo lokacin da zan shiga sakandare, yanzu kuma yana sayar da kyamarori na hannu. Bayan mun gaisa na ce, "Malam, irin wadda take narkar da baya nake so."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Su wa za ki riƙa ɗauka, Malama? Kuma a ina?"

"Biki da suna. A cikin gari."

"A ɗakunan cikin gari?"

Na ce e. Ya jawo kyamarori biyu, ya kwance gilashin gaban kowacce, ya ce in leƙa. A cikin kowacce akwai wani ɗan fili mai sheƙi. Na ɗaya ya kai girman babban kan sarkin da ake manna wa wasiƙa, na ɗayar kuwa bai fi farcen babban yatsa ba. Ya ce, "Wannan shi ake kira sansa. Shi ke karɓar hoton, aikin da fim yake yi a zamaninmu. Na cikin wayarki kuwa bai wuce ƙwayar masara ba."

Sai ya zaro carbinsa daga aljihu, ya shimfiɗa shi a tsaye a kan tebur, kai ɗaya kusa da shi, ɗayan yana kallon bango. Ya ɗauka da babbar, ya ɗauka da ƙaramar, ya karɓi wayata ma ya ɗauka. A hoton babbar 'ya'yan carbi huɗu ne suka fito tar, sauran duk suka yi dishi-dishi. A na ƙaramar sun kusa ninka haka. A na waya kuwa sai ka ƙirga kusan har ƙarshe, har kalandar bango ana iya karantawa.

Ya ce, "Kin gani? Babban sansa fili mai yawa yake gani. In kina son mutum ya cika miki hoto, dole ki matsa kusa da shi ko ki sa dogon gilashi. Duk wanda kika yi a ciki, wurin da zai fito tar sai ya tsuke. Hanci ya fito, kunne ya fara ɓacewa, bango kuwa ki manta da shi. Ɗakunanmu na cikin gari ga duhu ga matsi. Duhu zai sa ki buɗe idon gilashin gaba ɗaya don haske ya shiga, buɗewar kuma ta ƙara tsuke wurin. Matsi ya hana ki ja da baya. Ba cewa nake babbar ba ta da kyau ba. Mutum ɗaya a tsakar gida, ba ta da na biyu. Amma taron mata a ɗaki, ni dai da ƙaramar zan shiga."

A duk wannan karatun abu ɗaya ne ya shiga kunnena: bango kuwa ki manta da shi. Ai abin da ya kawo ni ke nan. Na ce babbar zan ɗauka, kuma ya saita mini ita a inda ta fi narkar da baya, kada ya taɓa komai bayan haka. Ya saita yana girgiza kai. Har na kai bakin ƙofa ya ce, "Ki dawo ran Asabar in nuna miki yadda ake matse idon, don wata rana za ki so bayan ya dawo."

Ban koma ba. Ran Asabar ɗin ina lungunmu ina ɗaukar ƙawayena. Akuya ta ɓace, kwata ta ɓace, katangar gidan maƙwabcinmu ta zama wani launin zuma mai kyau. Kowa ya gani sai ya ce, "A ina kuka je aka ɗauke ku?" Kaina ya kumbura har ina tafiya da kyamarar a wuya ko da aiken kayan miya ne.

To a wannan halin nake bikin Ummi ya taso.

Sai na gaya muku wace ce Kaka. Ita ce mahaifiyar babanmu. Iyayenta daga Borno suka zo, ita kuma tana amarya aka kawo ta ɗakin da take ciki a gidanmu, ɗakin ƙasa mai rufin ɗaurin guga, a ciki ta haifi 'ya'yanta duka. Bangon gabas na ɗakin, tun daga ƙasa har kusa da rufi, jere ne. Fanteka a ƙasa, kwanukan sha masu fure a kansu, tasoshin tagulla, sai farantan tangaran a can sama. Sama da shekara sittin tana tara su, kuma duk ranar Alhamis sai an sauke an goge an mayar da kowanne mazauninsa. Muna yara ba mai taɓawa. Ni dai na girma ina wuce shi kamar yadda ake wuce kowane bango.

Daminar shekarar ta tsaga ɗakin daga sama har ƙasa. Baffa Modu, ƙanin babanmu, ya yanke cewa da an gama biki za a rushe sashen a tayar da na bulo, Kaka kuma ta koma gidansa da ke bayan Ƙofar Dawanau. Ɗakin da ya ware mata ba zai ɗauki jeren ba. Ita da kanta ta ce washegarin kai amarya za ta raba wa 'ya'ya da jikoki, tun tana raye, kada a zo ana rigima a bayanta. (Akwai kuma wani abu da ya kamata ku riƙe. 'Yan watanni kafin nan an cire mata yanar ido a asibiti. Ta dawo tana hango ƙura a inda muka share, kuma ba abin da take tsoro a duniya kamar a ce yanar ta dawo.)

Ana saura kwana biyu biki ta aika a kira ni. Na tarar da ita zaune a bakin gado tana kallon bangon. Ta ce, "Ke Malama, an ce kin sayi na'urar hoto ta gasken-gaske."

"Ta gasken-gaske kuwa, Kaka."

"To ina son ki ɗauke ni da kayan nan. Ni kowa ya san ni, ba don ni ba ne. Jeren nake so ya fito, kowane kwano da furensa. In aka kai ni can sai in rataye, in riƙa kallon ɗakina."

Kun ji dai yadda ta faɗa. Ba ta ɓoye komai ba, ba ta yi magana a dunƙule ba. Ni kuma na daki ƙirji na ce, "Kaka, ko ƙuda ne ya sauka a kan murfi sai kin gan shi."

Ranar wuni bayan la'asar aka ce lokacin hoton Kaka ya yi. Ba wuta, taga kuma ɗaya ce ƙarama. Mata sun cika ɗakin har tsakar gida, kowacce ta ɗaga waya, don kowa ya san da dare za a kai amarya, wato ranar ƙarshe ce ta jeren. Ni kuwa na shigo da kyamara a wuya, na ɗaga murya irin wadda nake yi wa 'yan aji uku: "Don Allah kowa ta sauke waya! Hasken wayoyinku yana ɓata mini aiki. In na gama zan tura wa kowa mai kyau."

Gwaggo Falmata, babbar 'yar Kaka, wadda ba a musu da ita a gidanmu, ta kama mini. "Kun ji mai aiki ta faɗa. Duk wadda na ga wayarta a sama sai na karɓe." Kuma ta karɓe ta wata baƙuwa daga dangin ango, ta soke a ƙugu. Wayoyi suka koma jaka.

Da na ga duhu ya yi yawa a kusa da bangon, sai na sa aka jawo kujerar Kaka zuwa bakin ƙofa inda haske yake. Wato na ƙara nisanta ta da jeren, abin da daga baya na gane shi ne ya ƙarasa lalata komai. Na durƙusa, na matsa kusa, na danna. Na duba ɗan allon bayan kyamarar.

Fuskar Kaka ta fito yadda ban taɓa ganinta ba. Tsagar kumatunta, kwallin idonta, har zaren bakin mayafinta ana iya ƙirgawa. Bayanta kuwa ba kwano ko ɗaya. Wasu dunƙule-dunƙule ne ja da kore da ruwan ɗorawa suna sheƙi. Nan take carbin Malam Sabi'u ya faɗo mini a rai.

Na murɗa wani maɓalli, hoton ya yi baƙi ƙirin. Na murɗa wani, ya yi fari fat. Na danna na uku, wani rubutu ya cika allon wanda ban san kansa ba. Da ƙyar na mayar da ita yadda take. Mata kusan talatin sun zuba mini ido, Kaka ta gyara zama tana jira. Gwaggo Falmata ta ce, "Ya fito?"

Nan ne wurin da nake komawa kullum in na tuna. Abin da ya kamata in ce bai fi kalma uku ba: ku ɗaga wayoyinku. Kowace waya a ɗakin nan, har mai fasasshen gilashi, da ta kwashe jeren tsaf. Amma ni da na yi wa mutane tsawa minti biyar da suka wuce, ni da aka karɓe wayar baƙuwa saboda ni, ya zan yi in ce na kasa? Sai na ce, "Ya fito, Gwaggo." Aka yi guɗa.

Na lallashi kaina da cewa allon ne ƙarami, in aka wanke hoton babba komai zai bayyana. (Malamar makaranta ce fa ke wannan tunanin, mai koya wa 'ya'yan mutane lissafi.) Na kuma ce gobe da sassafe zan je wajen Malam Sabi'u ya nuna mini, in dawo in sake ɗauka ba wanda ya sani. Gobe ta yi, gajiyar biki ta danne ni, ga makaranta ana jarrabawa. Ban samu shiga ɗakin Kaka ba sai bayan azahar. Na tarar an sauke komai, an raba, kowa ta ɗaure nata a zani. Bangon ya rage da zagayayyun tabo inda farantai suka daɗe a jingine. Kafin mako ya zagayo magina sun kai ɗakin ƙasa.

Na kai wa Malam Sabi'u katin kyamarar. Ya buɗe hoton a kwamfuta, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Masha Allahu, hoto ya yi kyau. Me aka ce ki ɗauka?"

"Bangon."

Ya cire tabarau ya goge.

Na ce, "Malam, ba yadda za a yi a kwamfuta a dawo da shi?"

"Abin da bai shiga ba, Malama, ba ya fitowa." Ya mayar da tabarau ya ce, "Asabar nawa ta wuce tun da kika saya?" Na karɓi katina na fito.

Mako uku ina ɓuya. Kaka tana aiko da saƙo, ina cewa mai wankin hoto ne bai gama ba. Da hanya ta ƙare mini sai na sa aka wanke shi babba, aka sa masa firam mai ruwan gwal. Zan faɗi abin da ya fi komai ba ni kunya: a raina ina fatan tsufa zai rufa mini asiri, ta kalla ta ga launuka ta ce ya yi.

Ranar Juma'a na kai gidan Baffa Modu. Ashe labari ya bazu cewa yau za a kawo hoton, gwaggonni da matan gida sun cika falo. Na kwance takardar na miƙa wa Kaka da hannu biyu. Ta karɓa da bisimilla. Ta kalla. Ta matso da shi kusa da fuska, ta nisanta shi. Ta goge ido da bakin mayafi ta sake kallo. Ta rufe idon dama, ta buɗe, ta rufe na hagu.

Ta ce, "Falmata, ɗauko mini maganin ɗigawar nan." Muryarta ta sauya. "Modu, Modu, yanar nan ta dawo. Ga fuskata ina gani, amma ɗakin duk ya rufe mini. Haka ta fara wancan karon."

Falo ya ɗauki salati. Baffa ya miƙe yana laluben mukullin mota, wata ta ruga ɗaki neman magani. Ni kuma ina tsugune a gabanta kamar an dasa ni. Gwaggo Falmata ta karɓi hoton don ta ajiye, ta kalla, ta ƙanƙance ido, ta ce, "Ikon Allah. Ni ma haka nake gani." Ta miƙa wa ta kusa da ita. Haka hoton ya zagaye falon, kowacce ta ƙanƙance ido ta miƙa gaba, har ya dawo hannun Kaka. Sannan duk suka juyo gare ni.

Na ce, "Kaka, idonki ƙalau yake. Hoton ne haka."

Da na tsaya a nan da da sauƙi. Amma tsoro ya kwance mini baki, na shiga yi musu bayanin sansa. Na ce babba ne, na ce ɗakin da duhu, na ce wurin da ke fitowa tar ya tsuke, har ina kwatanta kan sarki da ƙwayar masara da yatsuna. Tsohuwa tana share hawayen firgici, ni ina karanta mata darasin da na ƙi saurara a shago. Gwaggo Falmata ta katse ni. "To ya isa. Wa ya ɗauka da waya ranar?" Can daga bayan kujera wata ta ce a hankali, "Ai Malama ta hana." Gwaggo ta buɗe baki, ta tuna wa ya taya ni hanawa, ta rufe.

Kaka ce ta fara magana. Ta ce, "Alhamdu lillahi da ba idon ba ne." Ta sake duban hoton, ta shafa gilashin da tafin hannu. "Fuskar nan kuwa, 'yar nan, ai ina da madubi."

Iyakar faɗan da ta yi mini ke nan. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, kada ku ce ban yi ba. Na bi gidajen da aka raba kayan ɗaya bayan ɗaya, da nufin in aro su a sake jerawa ko na awa ɗaya ne. Na tarar da wata fanteka an jiƙa wanki a ciki. Wani kwanon kaji ke shan ruwa da shi. Tangaran biyu sun fashe a hanya, tasoshin tagulla kuma sun bi wata jika Kaduna. Bayan gida na bakwai na dawo na zauna, ƙafafuna suna zogi, na haƙura.

Kaka ta sa an rataye hoton a gaban gadonta. Duk Juma'a in na je gaishe ta sai ta ce in sauke mata shi. Ta ɗora a cinya, ta bi dunƙule-dunƙulen nan da yatsa tana faɗin sunayensu. "Wannan jan, fantekar da uwata ta zo da ita daga Yerwa, can Borno. Wannan mai ruwan ɗorawa, kakanku ya sayo mini ranar sunan babanki. Wannan na aikin hajjina ne." Ni kuma ina rubutawa a bayan firam ɗin, don abin da ya rage in iya yi ke nan.

Watan jiya yatsanta ya tsaya a kan wani kore a layi na uku. Ta daɗe a kansa. Ta wuce, ta sake dawowa. Sai ta ɗago ta dube ni ta ce, "Wannan fa, mene ne?"

Shekara talatin ina shiga tsohon ɗakin nan ina fita. A gaban bangon nan na ci tuwo, na yi barci, na yi kuka an lallashe ni. Na ce, "Ban sani ba, Kaka."

"Ke ma ba ki sani ba?"

"Ban taɓa dubawa ba."

Ta gyaɗa kai, ta ce in mayar da shi bango.

Na dai koma wajen Malam Sabi'u wata Asabar. Matse idon gilashi da ƙara haske, abin da ya ce in zo in koya tun farko, bai ɗauke shi minti goma ba. Har yanzu ina da babbar kyamarar, na kuma ƙara da ƙaramar da ya nuna mini, ita nake shiga ɗaki da ita. Kafin in danna yanzu sai na leƙa bayan mutum na tambaye shi, ko da tsintsiya ce, yana son ta ko ba ya so. Ku kuma in kun je biki kuka ji mai hoto ta ɗaga murya tana cewa kowa ya sauke waya, don Allah ku ɗaga taku sama, ku ɗauka har sau biyu.